Na Sayo wa Baba Malam Sa'adu Zungur a Katin Memori

Shekara uku ke nan da idon mahaifina ya daina ɗaukar rubutu. Yana gane mutum in ya tsaya masa a bakin ƙofa, yana rarrabe rana da inuwa, amma baƙi da wasali sun yi masa nisa. Mutumin da ya yi shekara 35 riƙe da alli a makarantun firamare na ƙasar Bauchi, yau sai an karanta masa. Ni nake yi in na taso daga makaranta, sai dai ina da azuzuwan Hausa shida a wuyana da 'ya'ya huɗu a gida, ga shi Allah bai ba ni muryar rera waƙa ba. Ranar da na ɗauko tsohon littafinsa na waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur, wanda ya daɗe da rabuwa da bangonsa, ban kai baiti biyar ba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Uwata, dakata. Wannan ai takardar haraji kike karanta mini." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kama sunana, amma hakan bai taɓa hana shi yi mini gyara ba.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin wani shagon littattafai a wajen Wunti, inda suke sayar da irin ƙananan rediyon nan masu cin katin memori, waɗanda aka saba cika su da karatun Alƙur'ani da tafsiri. Ta ce suna da wani kati na musamman a kan Malam Sa'adu: tarihinsa, da waƙoƙinsa a rere, da sharhi. Yau wata biyu ke nan da na sayo, Baba ya saurare shi ya fi a ƙirga, ni ma na kai shi aji sau uku. Ina ganin yanzu na isa in faɗi abin da ke cikinsa.

Shagon ƙarami ne, in mutum uku suka shiga, na huɗu sai ya jira a waje. Littattafan addini a dama, na soyayya da takardun tsofaffin jarrabawa a hagu, can ƙurya kuma wani saurayi sa'an autanmu yana zaune gaban kwamfuta. Da ya ga garin alli a hijabina sai ya fara kirana Malama. Abin da ya burge ni da shi, bai gaggauta ni ba. Ya sa katin a rediyo ya miƙo mini, na tsaya na saurara kusan minti goma ina tsallake-tsallake, bai nuna ƙosawa ba. Kati kaɗai naira 3,000 ne, da rediyo 11,500. Na yi ciniki ya bar mini a 11,000, ya ce in kati ya ba da matsala in dawo da shi cikin mako guda. Na dawo kuwa, zan zo kan wannan.

Ita rediyon ba ta fi sabulun wanki girma ba. Batirinta irin na tsohuwar wayar Nokia ne, ana cirewa a sa wani, caji ɗaya kuma yana kai wa Baba yammaci biyu in bai ƙure murya ba. Tana kama tashoshi, tana da 'yar tocila wadda ba ta da amfani a wurinsa. Aibinta ga mai larurar ido shi ne maɓallanta duk shafaffu ne, girmansu ɗaya, yatsa ba ya bambance na gaba da na baya. Sai da na manna ƙwayar dutsen ado a kan na gaba kafin ya iya sarrafa ta shi kaɗai. Kuma in aka kashe ta a tsakiyar fayil, ba ta tuna inda ta tsaya, sai ta koma farko. Ga waƙa wannan ba komai ba ne, Baba ma so yake. Ga tarihi na minti goma sha biyar kuwa, abin haushi ne.

Fayiloli 14 ne a katin. Biyar na farko tarihi, sai waƙoƙi huɗu a fayil biyar, sai sharhi biyu, sai wasu biyu da aka ce kyauta ce. Waƙoƙin su ne Maraba da Soja, da Waƙar Bidi'a, da 'Yan Baka, da babbarsu, Arewa Jamhuriya ko Mulukiya.

Rerawar ita ce kuɗina. Ko da babu komai a katin sai ita, ban yi asara ba. Muryar dattijo ce, ba kiɗa, ba amshi, ba ƙawa, irin muryar da muka taso muna ji daga bakin makafi masu rera waƙoƙin wa'azi a ƙofar gida. Ba ya sauri. Yana ba kowane dogon wasali haƙƙinsa, yana sauke kowane baiti a kan amsa-amonsa kamar mai ajiye ƙwarya a kan gammo. Daren farko da na kunna Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, Baba yana kishingiɗe. Da aka shiga baitin nan da kowa ya sani, na faɗin gaskiya komai za ta jawo wa mai faɗinta, sai ya tashi zaune. Leɓensa na motsi, yatsunsa na buga gwiwa. Wajen baiti ashirin ya bi mai rerawar bai yi tuntuɓe ba, abin da ya ce rabonsa da shi tun yayansa, wanda ɗan NEPU ne, jam'iyyar neman sawaba ta su Malam Aminu Kano, yana da rai.

A nan na gane abin da na shekara goma sha ɗaya ina yi wa ɗalibaina ba daidai ba. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali da gajere, ba ya nuna karin sauti. Yarinya in ta ga baiti a allo, sai ta karanta shi yadda ta ga dama, karin ya karye, waƙa ta koma jimla. Mu kuma mu tsaya muna zana mata gaɓoɓi da layuka muna cewa ga ma'auni. Alhali waɗannan waƙoƙi don kunne aka yi su. A zamanin da Malam Sa'adu ya rubuta su, masu iya karatun boko a Arewa 'yan ƙalilan ne, waƙa kuwa tana tafiya daga baki zuwa baki, ta shiga zaure, ta shiga kasuwa, ta kai inda jarida ba ta kaiwa. Ranar da na kai rediyon aji na ajiye ta a kan tebur, ban ce komai a kan amsa-amo ba. Kafin a yi baiti goma, 'yan mata arba'in da wani abu suna jiran "ya" ɗin ƙarshen kowane layi suna faɗa tare da shi.

Maraba da Soja ta fi taɓa Baba ta wata fuskar. Waƙar tarbar sojojinmu ce da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, waɗanda aka kwasa aka kai su har Habasha da dazuzzukan Bama. Ya ce da yana yaro akwai irin waɗannan tsofaffin soja a unguwarsu, ana ce musu 'yan Bama, wasu sun zama masu gadi, wasu 'yan doka, wasu kuma kansu bai dawo daidai ba. Malam Sa'adu bai tsaya ga sannu da zuwa ba. Mutanen da aka ce sun je yaƙin kare 'yancin duniya, sun dawo ƙasar da ba ta da nata. Mai rerawar ya fahimci haka, domin muryarsa ba ta biki ba ce.

To, sai tarihi. Mai ba da labarin yana da murya mai daɗi irin ta gidan rediyo, Hausarsa kuma tsaf. Ƙashin bayan labarin daidai ne. An haifi Malam Sa'adu a Bauchi, a gidan limamai, shi ya ce 1915, wasu littattafan kuma 1914 suke rubutawa. Ya yi zurfi a karatun addini da Larabci tun yana ƙarami, abin da ya sa daga baya in zai yi jayayya da malamai ko alƙalai, da littattafansu yake yi. Ya shiga makarantar boko a Bauchi, ya wuce Kwalejin Katsina, wadda ita ce ta yaye su Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1934 ya tafi Babbar Kwalejin Yaba a Legas, ɗan Arewa na farko da ya shiga can. Ya dawo ya koyar a makarantar horar da ma'aikatan lafiya a Zariya, a can ya fara tara matasa masu ilimin boko suna tattauna halin da ƙasa ke ciki. Ciwon huhu ya mayar da shi gida Bauchi. Duk wannan an faɗe shi a tsare, mai sauraro ba zai ɓata ba.

Amma a fayil na biyu ya yi katoɓara. Ya ce Malam Sa'adu ne likita na farko a Arewa. Ba haka ba ne. Bai kammala Yaba ba, bai kuma zama likita ba. Likitan farko daga Arewa shi ne Dokta Barau Dikko, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta, ƙungiyar da shi ma Malam Sa'adu yana cikin taronta na Kaduna a 1949. Wataƙila a nan aka cakuɗa su. Kuskure ne da ɗalibi zai ɗauka ya zuba a takardar jarrabawa, don haka duk malamin da zai kai katin aji ya gyara wannan tun kafin ya kunna.

Wannan kuskuren ma mai sauƙi ne, ana gyara shi da jimla ɗaya. Abin da ya fi damuna ba a gyara shi da jimla. Mai labarin ya ce "ɗan kishin ƙasa" sau 23, na ƙirga a saurare na uku. Bai taɓa faɗin da wa aka yi rigimar ba. In ka saurari fayilolin nan biyar ba ka san komai ba, za ka ɗauka wani salihin malami ne da kowa ke so, yana rubuta waƙoƙin nasiha, sarakuna na sa masa albarka, Turawa na jinjina masa, har Allah ya karɓi abinsa. Baba ne ya faɗi abin da ke raina. Ya ce, "Uwata, ke mace ce, kin fi ni sani. Ana kishi babu kishiya? Su gaya mana da wa ya yi kishin."

Da wa kuwa? Da Turawan mulki, da En'e, hukumar gargajiya ta sarakuna, wadda ta riƙe haraji da jangali da kotu da gidan yari da 'yan doka a hannu ɗaya. Da fadawa. Da al'adun mutanensa, waɗanda ya zauna ya jera su a Waƙar Bidi'a ya ce ba addini ba ne. Ɗan gidan liman ne yake faɗin haka, shi ya sa maganar ta yi zafi, domin ba a iya cewa yaron Nasara ne bai san littafi ba. Katin ya ambaci zauren tattaunawa na Bauchi da aka kafa a 1943, inda Malam Sa'adu da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zama, biyun nan na ƙarshe suna koyarwa a Midil ta Bauchi a lokacin. Amma ya ambace shi kamar wata majalisar shan shayi. Bai ce a zauren nan aka tasa mulkin En'e a gaba ana yi masa tambayoyi a gaban jami'an Turawa ba. Bai ce a nan Malam Aminu ya tambayi abin da ake dubawa wajen yanka wa sarki albashi ba, tambayar da zauren bai daɗe ba bayanta aka rufe shi. Wanda ya cire wannan daga tarihin Malam Sa'adu, ya ba ka tuwo ne ya hana ka miya.

Haka zamansa na Legas. An ce a 1948 ya zama sakataren NCNC na ƙasa, jam'iyyar Dokta Nnamdi Azikiwe, wanda ake kira Zik, an wuce. Ɗan limamin Bauchi yana riƙe da sakatariyar jam'iyyar da manyan Arewa ke yi wa kallon ta 'yan Kudu, wannan ba abin da za a faɗa a numfashi ɗaya ba ne. Kuma bai dawo daga can da zuciyar da ya tafi da ita ba. Ya ga tazarar da ke tsakanin Kudu da Arewa a ilimin boko da idonsa, sau biyu ma, yana ɗalibi da kuma yana ɗan siyasa. Ba za ka fahimci babbar waƙarsa ba in ba ka san wannan ba.

Ga inda na yi faɗa da mai sharhi, ni kaɗai a ɗaki, kamar yana jina. Ya ce Arewa Jamhuriya ko Mulukiya kira ne a rushe sarauta. Ko sunan waƙar bai duba ba? Tambaya ce. Zaɓi ne aka ajiye a gaban sarakuna: ku gyara, ku rungumi ilimi da adalci da shawara, ku koma kan abin da Shehu Usmanu ya kafa daular a kansa, sarautarku ta tsira, ko ku ƙi, guguwa ta tafi da ku da ƙasar baki ɗaya. Ya buga musu misali da Indiya, wadda ta sami 'yanci a 1947, sarakunanta sama da 500 suka wayi gari mulki ya fita daga hannunsu. Mai son a rushe gida ba ya tsayawa nuna wa mai gida inda rufi ke yoyo. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce Alhaji Mudi Sipikin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, sai da ya mayar masa da martani da tasa waƙar, Arewa Jamhuriya Kawai. Da Malam Sa'adu ya riga ya ce jamhuriya kawai, me Mudi zai ƙara? Sharhin bai ko ambaci wannan musayar ba, alhali tana cikin abubuwa mafiya daɗi a tarihin rubutacciyar waƙar Hausa: mutum biyu a sahu ɗaya na neman sawaba, suna saɓani a fili, da baiti.

Na tambayi Baba wanne ya fi bi a cikinsu. Shi dai ɗan PRP ne na gani-kashe-ni, ɓangaren taɓo na Malam Aminu Kano, a zamanin da NPN ta yi kaka-gida a Bauchi ƙarƙashin Tatari Ali, har ana yi masa dariya a ɗakin malamai. Ya yi shiru, sannan ya ce da yana saurayi Mudi ne nasa, domin jinin saurayi ba ya son "ko". Yanzu kuwa ya ga an rage wa sarakuna ƙarfi, an karɓe kotu da 'yan doka da gidan yari daga hannunsu, amma talaka bai daina durƙuso ba, wurin durƙuson ne ya sauya. Bai ce Malam Sa'adu ne ya yi daidai ba. Cewa ya yi a mayar masa da waƙar farko.

Akwai kuma baitocin da ke gargaɗi a kan rinjayen 'yan Kudu in Arewa ta ci gaba da barci. Mai sharhi ya tsallake su tsaf, kamar mai tsallake kwata. Mai rerawa kuwa, Allah ya saka masa, bai cire ko ɗaya ba. Na ji daɗin haka, domin a aji wata yarinya mai kaifin kai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, shi da ya yi aiki da Zik, me ya sa yake tsoron 'yan Kudu?" Wannan tambayar ta ci mana darasi guda cur, kuma shi ne darasin da ya fi kowanne armashi a zangon. Mun yi maganar yadda Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938 sannan Zariya, ta daɗe tana ita kaɗai ce irinta a duk faɗin Arewa, alhali makarantun mishan sun cika Kudu tun ƙarni na 19. Mun yi maganar wa zai riƙe ofisoshi in Bature ya tafi. Wasu baitocin suna da kaushi a kunnen yau, ban ɓoye musu ba. Amma yatsan da ya nuna waje da shi ɗaya ne, sauran duk gida suke kallo. Yarinyar da aka ɓoye wa wannan, ranar da ta gano da kanta za ta daina yarda da malamarta.

Fayiloli biyun kyauta kuwa, da an bar su a kwamfuta. Wani matashi ne ya ɗora baitocin a kan kiɗan fiyano irin na finafinai, da muryar da na'ura ta tace, da 'yan mata masu amshi. Inda kalma ta fi kiɗan tsawo sai ya guntule ta, kalmomin Larabcin kuma ya tauna su yadda ma'anarsu ta gudu. Baba bai kai minti ɗaya ba ya ce, "Kashe. An rataya wa liman kalangu." Sai dai in faɗi gaskiya, tunda waƙar da ake magana a kanta ta hana ni yin shiru: 'yata mai shekara tara ta haddace baiti shida daga wannan fiyanon, tana yi tana wanke-wanke. Daga muryar dattijon ba ta haddace ko ɗaya ba. Har yanzu ban goge su ba, ban kuma daina jin haushinsu ba.

Ingancin sauti ba ɗaya ba ne. Tarihin a ɗakin ɗaukar murya aka yi shi, tas yake. Waƙar Bidi'a kuwa akwai gurnanin janareta a bayanta daga farko har ƙarshe, a wani wurin ma zakara ya yi cara. 'Yan Baka ta fi sauran ƙasa, sai ka ƙara murya, in ta ƙare ta gaba ta faɗo maka a kunne kamar tsawa. Abin da ya mayar da ni shagon shi ne Maraba da Soja, wadda aka raba biyu aka sa rabin ƙarshe a gaba. Baba ne ya gano, ni ban lura ba. Na koma a rana ta huɗu ina shirin jayayya, saurayin ya karɓa ya ce, "Yi haƙuri Malama, lambar ce ta juye," ya gyara jerin cikin minti goma, bai karɓi ko sisi ba, ya kuma gyara na kwamfutarsa a gabana don masu saye na gaba. Na gaya masa maganar likita, ya rubuta a bayan wani kwali ya ce zai faɗa wa masu kawo musu. Ko ya faɗa, ko kwalin ya tafi da shara.

Wani abu da ya tsaya mini: babu suna ko ɗaya a katin. Ba sunan mai rerawa, ba na mai labari, ba na mai sharhi, ba 'yar takarda a ciki. Dattijon nan da ya zauna ya rera waƙoƙi huɗu da numfashinsa, ko ana ba shi wani abu daga naira 3,000 ɗin da ake karɓa a kan kowane kati? Na so in san wanda zan yi wa addu'a da suna. Kuma da an haɗa da 'yar takarda mai bayanin kalmomin Larabci da tsofaffin kalmomin da ke cikin waƙoƙin, da an taimaki ɗalibai, domin Hausar Malam Sa'adu ba ta 'yan dandalin sada zumunta ba ce. Ni da Baba muke cike wannan giɓin, shi ya fassara, ni in rubuta.

Ƙarshen rayuwarsa an ba shi minti biyu kacal. An ce ya yi jinya, ya rasu a Janairun 1958, Allah ya ji ƙansa. Ni kuwa nan ne nake so a daɗe. Shekarun NEPU na farko, lokacin da 'ya'yanta ke shan ɗauri a kotunan alƙalai, yawancinsu yana Bauchi ne jiki ya ƙi, yana ba da shawara, yana rubutu, Malam Aminu Kano kuma bai taɓa ɓoye cewa malaminsa ne a siyasa ba. A 1957 abokin zamansa na zauren Bauchi, Tafawa Ɓalewa, ya zama Firayim Minista. Bayan 'yan watanni shi ya rasu, yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai, saura ƙasa da shekara uku a sauke tutar Ingila ranar 1 ga Oktoba 1960. Mutum uku daga zaure ɗaya: ɗaya ya hau kujera aka kashe shi a kanta a 1966, ɗaya ya yi ta adawa har 1983, ɗaya bai ga ko ranar ba. Mai labarin da ya san aikinsa zai rage gudu a nan. Wannan kuwa kamar an ce masa kati ya kusa cika.

Yau sunansa na kan jami'ar jiha da ke Gaɗau, yana kan makarantar firamare a cikin garin Bauchi, yana kan babban ɗakin taro na Gidan Mambayya a Kano. Kafin in kunna rediyon a aji na tambaya wane ne Sa'adu Zungur, wata ta ce jami'a ce, ba da wasa ba. Saboda irinta nake cewa a sayi katin nan duk da aibinsa. Mai tsoho a gida wanda ido ya gaza, ya saya da rediyon, ya nemi abin mannawa a maɓalli. Malamin Hausa ya sayi kati kaɗai, ya kunna waƙoƙin, tarihin kuwa ya bayar da bakinsa, ya nemi littafin Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir na 1974 a kan rayuwar Malam Sa'adu da waƙoƙinsa ya jingina da shi. Mai neman abin rubuta kundin digiri kada ya dogara da sharhin ko kaɗan. Kowa kuma ya saurara a shagon kafin ya biya, ya tabbata Maraba da Soja ta fara daga farkonta.

Makon jiya Baba ya aike ni in tambayo ko suna da martanin Mudi Sipikin a rere, yana so ya ji su a jere, wannan na bin wannan. Saurayin ya duba kwamfutarsa ya ce babu, ya sa na maimaita masa sunan sau biyu, ya rubuta a bayan wani kwalin. Ya ce in leƙo bayan Sallah.